DALLA-DALLA: Yadda ƙirar inji da na'urori ke jawo ko hana haɗarin babur, daga filin MotoGP zuwa hanyoyin Ƙanƙara

A ranar 29 ga Satumban 2013, a filin tsere na Aragon da ke ƙasar Sifen, Dani Pedrosa ya fito daga wata kwana a kan babur ɗinsa ƙirar Honda, ya murɗa totur kamar yadda ya saba. Nan take tayar baya ta zame, ta sake cafkar kwalta, babur ya cilla shi sama. Da injiniyoyi suka bincika, sai suka tarar cewa daƙiƙa kaɗan kafin faɗuwar, abokin aikinsa Marc Marquez ya ɗan goge shi ta baya, gogar kuma ta tsinke wata siririyar waya mai kai wa kwamfutar babur labarin gudun tayar baya. Tsinkewar wayar ta kashe na'urar da ke rage ƙarfin inji idan taya ta fara sulɓi. Hukumar tseren ta hukunta Marquez, ta kuma zaftare wa kamfanin Honda maki 25.

A 'Yargoje da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina, babur shi ne motar kasuwa, shi ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma ke ɗauko buhun masara daga gona. Idan ya kayar da mutum, akan ce ƙaddara ce, ko a ce gangancin mahayi ne. Tarihin tseren babura na duniya ya nuna akwai abu na uku, wato yadda aka ƙera babur ɗin, da kuma hukumar da ta yanke shawarar abin da dole a sa masa. Wannan bayani zai bi diddigin wannan abu na uku, daga filin tsere zuwa hanyoyinmu.

Mene ne MotoGP?

MotoGP shi ne babban rukuni a gasar tseren babura ta duniya, wadda Hukumar Babura ta Duniya, FIM, ta fara shiryawa a 1949. Ƙananan rukunoninta su ne Moto2 da Moto3. Baburan babban rukunin ba a sayar da su a kasuwa, domin tsere kaɗai ake ƙera su. Kamfanonin da ke fafatawa a 'yan shekarun nan su ne Ducati da Aprilia na Italiya, Honda da Yamaha na Japan, sai KTM na Ostiriya.

Tun daga 2012 girman injin rukunin yake cc 1000, silinda huɗu, nauyin babur kuma bai gaza kilo 157 ba. Ƙarfinsa ya doshi na doki 300. A 2023, a filin Mugello na Italiya, ɗan Afirka ta Kudu Brad Binder ya kai gudun kilomita 366.1 a awa. A cikin kwana kuwa, mahaya kan kwantar da babur har fiye da digiri 60, gwiwa da gwiwar hannu suna shafar ƙasa.

Faɗuwa iri biyu

Duk wannan ƙarfi yana bi ne ta wani ɗan wuri da bai wuce tafin hannu ba, inda taya ke taɓa kwalta. Riƙon da taya ke yi wa hanya yana da iyaka, kuma abubuwa uku ne ke rabon sa: birki, totur da kwana. Idan kwana ta cinye mafi yawan riƙon, abin da ya rage wa birki ko totur kaɗan ne. Wanda ya nemi fiye da abin da ya rage, taya za ta saki hanya.

Daga nan faɗuwa ta kasu biyu. Ta farko ita ce faɗuwar zamiya: taya, galibi ta gaba, ta saki hanya, babur ya kwanta ta gefen da ya karkata, shi da mahayi su yi ta jan ƙasa. Ta biyu ita ce faɗuwar tutsu, irin ta Pedrosa. Tayar baya ce ke zamewa gefe saboda ƙarfin inji ya fi ƙarfin riƙonta, sai kuma ta sake cafkar kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya wurga mahayi ta sama, kamar dokin da ya yi tutsu. Ita ce ta fi karya ƙashi, domin mutum daga sama yake faɗowa, wani lokaci kuma babur ya biyo shi. Faɗuwar tutsu tana da alaƙa kai-tsaye da yadda inji ke sakin ƙarfinsa.

Zamanin inji mai bugu biyu

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 2001, injuna masu bugu biyu na cc 500 ne suka mamaye babban rukunin. Manya a ƙasar Hausa sun san danginsu: su ne baburan nan masu hayaƙi da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin su Vespa da Suzuki AX100. Inji mai bugu biyu yana tayar da wuta a kowane juyi na karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, shi kuwa mai bugu huɗu sai bayan juyi biyu. Saboda haka mai bugu biyu ba shi da nauyi, ga ƙarfi.

Illarsa ita ce ƙarfin ba ya zuwa a hankali. Inji zai yi kamar yana barci, da juyinsa ya kai wani mataki sai ƙarfi ya ɓarke gaba ɗaya. Babur mai kilo 130 da ƙarfin da ya kusa na doki 200, babu kwamfutar da ke sa baki, hannun mahayi kaɗai ke tsakanin inji da taya. Wannan zamani ya yi suna wajen faɗuwar tutsu, ya kuma illata gwanayensa. Mick Doohan ɗan Ostireliya ya karya ƙafa a Assen ta ƙasar Holan a 1992, har aka yi fargabar sai an yanke ta. Wayne Rainey Ba'amurke, wanda ya ci kambun duniya sau uku a jere, ya faɗi a Misano ta Italiya ranar 5 ga Satumban 1993, ya karya gadon baya, bai sake takawa ba.

Tsarin tashin wuta

Gyaran farko mai muhimmanci a cikin injin aka yi shi. Da can, silinda huɗun kan tayar da wuta a jere da tazara daidai wa daida, ta yadda taya ba ta samun sararawa. A 1992 Honda ta fito da wani tsari a babur ɗinta NSR500, inda silindojin ke tashi kusan lokaci guda, cikin kimanin digiri 70 na juyin karanshaf, sannan a yi ɗan shiru kafin zagaye na gaba. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne wannan ɗan shirun yana ba taya damar sake riƙe hanya, yana kuma ba mahayi damar jin lokacin da ta fara zamewa. Injiniyoyi sun daɗe suna muhawara kan ainihin dalilin, amma sakamakon ya bayyana a fili, domin cikin ɗan lokaci sauran kamfanoni suka kwaikwaya.

Yamaha ta zo da nata salon a 2004. Injiniyanta Masao Furusawa ya sauya yadda aka jera ƙugiyoyin karanshaf, domin nauyin fistin mai hawa da sauka ya daina gurɓata ƙarfin da ke isa taya. Manufar ita ce abin da hannu ya nema a totur, shi taya za ta samu. Da wannan inji Valentino Rossi ya ci tserensa na farko a Yamaha, a garin Welkom na Afirka ta Kudu, ya kuma ɗauki kambun shekarar. Darasin shi ne injuna biyu na iya zama da ƙarfi ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya kayar da mutum, saboda bambancin yadda suke sakin ƙarfin.

Bugu huɗu da shigowar kwamfuta

A 2002 aka buɗe wa injuna masu bugu huɗu ƙofa, har zuwa cc 990, aka kuma raɗa wa rukunin suna MotoGP. Waɗannan injuna sun fi sakin ƙarfi a hankali, amma sun zo da tasu matsalar. Idan mahayi ya saki totur yana shirin shiga kwana, injin kansa yakan ja tayar baya kamar an taka birki, har ta riƙa tsalle ko ta zame. Aka magance wannan da kuloci na musamman mai ɗan sakin jiki, da kuma kwamfuta.

A yau babu waya da ta taso daga totur zuwa inji kai-tsaye. Hannun mahayi saƙo yake aika wa kwamfuta, ita kuma ta duba gudun tayar gaba da ta baya, da yadda babur ya karkata, da giyar da yake ciki, sannan ta yanke yawan ƙarfin da za a saki. Manyan ayyukanta huɗu ne: rage ƙarfi idan tayar baya ta fi ta gaba gudu, hana gaban babur ɗagawa sama, daidaita jan da inji ke yi idan an saki totur, da kuma taimakon tashi a farkon tsere. A 2016 aka wajabta wa kowa kwamfuta da manhaja iri ɗaya ta kamfanin Magneti Marelli, domin a rage tsada, a kuma hana mai kuɗi ya fi kowa da na'ura.

Faɗuwar tutsu ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Marc Marquez ya karya ƙashin dantsensa na dama a Jerez ranar 19 ga Yulin 2020, aka yi masa tiyata har sau huɗu. Francesco Bagnaia ya yi irinta a zagayen farko na tseren Basalona ranar 3 ga Satumban 2023, babur ɗin da ke bayansa ya bi ta kan ƙafafunsa. Dalili shi ne tsohuwar na'urar ta fi gane juyin taya fiye da zamewarta gefe. Wannan giɓi ne ya sa aka ƙara sabuwar manhajar lura da zamewar gefe, aka fara aiki da ita a tseren Ostiriya na Agustan 2025. Wasu mahaya, har da Marquez, sun soke ta da cewa tana rage darajar gwanintar hannu.

Abin da na'ura ba ta hanawa

Kwamfutar tana kula da tayar baya ne. Tayar gaba tana hannun mahayi, domin dokar gasar ta haramta ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an matse birki. Shi ya sa faɗuwar zamiya ta gaba ta zama ruwan dare a tseren yau.

Sababbin ƙirƙire-ƙirƙire ma sun kawo nasu haɗarin. Fukafukan da Ducati ta yaɗa daga 2015 suna danne gaban babur ƙasa, su ba shi damar ƙarin gudu da birki a makare. Amma wanda ke bin wani a baya yakan shiga iska mai zafi da ruɗani, tayarsa ta gaba ta ɗauki zafi, iskar cikinta ta ƙaru, wurin da take taɓa kwalta ya ragu. Haka na'urar da ke durƙusar da babur lokacin fita daga kwana ta ƙara saurin da ake isa kwana ta gaba da shi. Duk amincin da aka ƙara, mahaya sun mayar da wani ɓangare nasa ƙarin gudu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kowanne kisa, wato mutum ya faɗi a tsakiyar hanya na baya su take shi. Haka Shoya Tomizawa ya rasu a Misano a 2010, haka Marco Simoncelli a Sepang ta Malesiya ranar 23 ga Oktoban 2011, haka Jason Dupasquier a Mugello a Mayun 2021. Babu manhajar da ta taɓa magance wannan.

Doka ce ke zana babur

Abin da ya bambanta wannan gasa shi ne kusan kowane babban haɗari yakan bar gyara a bayansa. Bayan rasuwar Daijiro Kato sakamakon haɗarin Suzuka a Afrilun 2003, ba a sake kai gasar wannan filin ba. A 2007 aka rage inji zuwa cc 800 da nufin rage gudu, sai dai baburan suka koma shiga kwana da sauri fiye da da, aka janye tsarin bayan 2011. A 2018 aka wajabta rigar fata mai jakar iska, wadda ke kumbura kafin mutum ya kai ƙasa. Daga 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar zuwa 18. Dokokin da aka tsara wa 2027 sun rage inji zuwa cc 850, sun taƙaita fukafukai, sun kuma haramta na'urar durƙusar da babur.

Wasu gyare-gyaren sun yi aiki, wasu sun ci tura. Amma a kowane hali akwai hukumar da ke ƙirga faɗuwa, ta binciki dalili, ta sauya ƙa'ida, kamfanoni kuma su bi ko su fita.

Baburan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Baburan da suka cika hanyoyin kudancin Katsina yawancinsu daga Indiya da Sin ake shigo da su, ko a harhaɗa su a Najeriya. Girman injinsu tsakanin cc 100 ne zuwa 150, silinda ɗaya, bugu huɗu, ƙarfinsu a kusa da na doki 10. Irin wannan inji da wuya ya kayar da mutum da ƙarfin totur a kan busasshiyar kwalta. Matsalar wannan rukuni ta fi karkata wajen tsayawa.

Da yawansu birkin ganga gare su gaba da baya, wanda takalman birki ke matse cikin wata ganga a tsakiyar taya. Yana da arha da sauƙin gyara, amma riƙonsa yana raguwa idan ya yi zafi ko ya sha ruwa, ba kamar birkin faifai ba. A kan kwalta, birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur, domin nauyi gaba yake komawa idan an rage gudu. Duk da haka mahaya da yawa tsoronsa suke, sun fi dogara da na ƙafa. Tsoron yana da tushe: a kan burji ko yashi, matse birkin gaba da ƙarfi yana ƙame taya, sai faɗuwar zamiya irin ta filin tsere, amma ba rigar fata, ba hular kwano.

Lodi ma yana sauya lissafi. Mutum uku ko huɗu, ko buhunan hatsi a kan kariya, suna mayar da nauyi baya, gaba ya yi sakayau, tayar gaba ta rage riƙo, tazarar tsayawa ta ƙaru. Sai kuma gudu. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, idan kuma gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki ninkawa take sau huɗu. A yankin da tsoron kwanton ɓaunar 'yan bindiga ke hana mutum sassauta totur a cikin daji, wannan lissafi yana nan a kan hanya kullum. Asibitin da zai iya ɗora mummunar karaya ko duba raunin kai kuma yana da nisa, sau da yawa sai an dangana da Funtuwa, Katsina, Shika ko Dala a Kano.

Abin da Turai da Indiya suka yi

Na'urar ABS da aka hana 'yan tsere ita ce ta fi amfanar mahayin titi. Tana lura da juyin taya, idan ta ga za ta ƙame sai ta riƙa saki tana matsewa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya. Wani bincike da cibiyar IIHS ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna baburan da ke da ita sun yi ƙasa da marasa ita da kashi 22 cikin 100 wajen shiga haɗarin da ya yi kisa. Ƙanwarta mai arha ita ce CBS, wato birkin haɗaka, wadda ke raba matsi tsakanin gaba da baya ko da birki ɗaya mutum ya taɓa.

Tarayyar Turai ta wajabta ABS ga sababbin nau'o'in baburan da suka wuce cc 125 daga 2016. Indiya ta bi sahu: daga Afrilun 2019, duk sabon babur da ya wuce cc 125 sai da ABS, na ƙasa da haka kuma sai da CBS ko ABS. Wannan doka ta shafi abin da ake sayarwa a cikin Indiya ne. Abin da aka fitar waje, ƙasar da ta saya ita ke gindaya sharaɗinta. Gaskiya ne waɗannan na'urori suna ƙara farashi, kuma amfanin ABS ya fi fitowa a kan kwalta fiye da kan tsakuwa da yashi. Wannan dalili ne na a yi nazarin wadda ta dace da hanyoyinmu.

Dokokinmu da tambayoyin da suka rage

Dokokin babur da suka fi shahara a Arewa daga matsalar tsaro suka taso. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro a Katsina, wadda ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya tuna sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ko harin da mahara a kan babura suka kai 'Yargoje a Yunin 2024, inda aka kashe mutane da dama. Sai dai waɗannan dokoki sun dubi wanda ke kan babur ne, ba su taɓa yadda aka ƙera shi ba.

Ta fuskar kariya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009. Wanda ya tsaya a bakin kowace kasuwar ƙauye yau zai ga inda dokar ta kwana. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, da yawa daga cikinsu masu babur ne da keke mai ƙafa uku, kuma hular kwano mai inganci, idan an ɗaura ta daidai, tana rage yiwuwar mutuwa fiye da ninki shida.

Alhakin ingancin abin da ake shigowa da shi yana kan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Kula da hanya yana kan FRSC da hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina. Tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi wa waɗannan hukumomi da 'yan majalisarsu a bayyane suke. Wane irin birki ne sharaɗin shigo da babur ƙasar nan? Wa ke gwada hulunan kwano da tayoyin da ke kasuwa? Wa ke ƙirga waɗanda suka faɗi tsakanin 'Yargoje da Ƙanƙara, kuma ina ake ajiye alƙaluman? Idan gwamnati ko ɗan siyasa ya sayi ɗaruruwan babura domin rabawa matasa ko jami'an tsaron sa-kai, shin takardar kwangilar ta ambaci birki da hular kwano? Mai sayen babura da yawa a lokaci guda yana da ikon gindaya wa dillali sharaɗi tun kafin a yi doka, kuma kuɗin da ake sayen da su na jama'a ne.